Haɗin Silikon da Olefin: Aikin da Yake Cinye Filatinam

Titin Sultana, wanda yake arewa maso yamma da Masallacin Manzon Allah (S.A.W.) a birnin Madina, yana ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ciniki na garin. A gefensa akwai kantunan tufafi da na turare, da ɗakunan sayar da magani, da shagunan wayar hannu. Mutanen gari suna sayayya a nan, alhazai da masu Umra daga ƙasar Hausa su ma sukan leƙa neman tsaraba. Wanda ya duba hajar waɗannan kantuna da idon masanin ilmin haɗa sinadarai zai ga abubuwa da dama waɗanda asalinsu ɗaya ne, ko da yake ba su yi kama da juna ba. Akwai takardar nan mai santsi da ake ɓarewa daga bayan filastar ciwo, da irinta da take bayan lambar da ake mannawa a kwalin dabino. Akwai robar kan kwalbar shayar da jarirai. Idan kuma aka shiga wurin likitan haƙori, akwai ƙullun da yakan cusa wa mutum a baki don ya ɗauki siffar haƙoransa. Galibin waɗannan ana yin su ne ta hanyar wani haɗi guda ɗaya, wanda masana suke kira haidurosilileshan, watau ɗora silikon mai ɗauke da haidurojin a kan olefin.

Kafin a gane yadda haɗin yake, sai an san ɓangarorin nan biyu da ake haɗawa.

Na farko shi ne olefin, wanda kuma ake ce wa alkin. Ƙwayar zarra ta kabon tana da hannuwa huɗu da take riƙe maƙwabtanta da su. A cikin yawancin sinadaran man fetur, kowane kabon yana riƙe da na kusa da shi da hannu ɗaya ne kawai. A cikin olefin kuwa akwai wasu kabon guda biyu da suka riƙe juna da hannuwa bibbiyu. Riƙo na biyun nan bai kai na farko ƙarfi ba, saboda haka ana iya kwance shi, kowane ɗaya daga cikin kabon biyun ya sami hannu guda da zai kama wani sabon abu. Wannan ne ya sa olefin ya zama tushen sana'ar roba da leda a duniya. Lardin Madina ma yana da rabonsa a ciki, domin garin Yanbu, wanda yake bakin Bahar Maliya cikin wannan lardi, an fara mai da shi birnin masana'antu tun cikin 1975, kuma daga 1985 masana'antar Yanpet ta soma fasa iskar gas tana fitar da etilin, wanda shi ne ƙaramin cikin dangin olefin.

Na biyu shi ne silikon. Ban da iskar oksijin, babu sinadarin da ya fi shi yawa a ɓawon ƙasa, gama ya kai kusan kashi 28 cikin ɗari na nauyinsa. Rairayi da tsakuwa da ƙanƙarar dutse duk silikon ne haɗe da oksijin. Sai dai ba a samunsa tsantsa, kuma ba kowane rairayin hamada ne yake yin aikin ba. Farin dutse mai tsabta ake nema, a haɗa shi da gawayi, a narka cikin tanderun lantarki mai zafin da ya kusa digiri 2,000. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius shi ne ya fara ware shi cikin 1824. Silikon shi ma hannuwa huɗu gare shi kamar kabon. Idan ɗaya daga cikin hannuwan nan yana riƙe da haidurojin, to, an sami abin da ake bukata. Misalin da ya fi shahara shi ne tirikulorosilen, wanda ake samu idan aka bi da iskar asid ta haidurokulorik a kan garin silikon a zafin digiri 300 ko kusa da haka. Ruwa ne marar launi, mai hayaƙi, wanda yake tafasa a digiri 32 kacal. Da za a bar shi a buɗe a Madina da rani, inda zafi yakan haura digiri 40, da kansa zai tafasa ba tare da an hura masa wuta ba.

To, abin da yake faruwa a haɗin ba shi da wuyar faɗi. Silikon ya saki haidurojin ɗinsa, riƙo na biyu na olefin ya kwance, haidurojin ya kama kabon ɗaya, silikon ya kama ɗayan. Shi ke nan. Ba ruwa da yake fita, ba iska, ba gishiri, ba wani tarkace da za a zubar. Duk abin da aka zuba cikin tukunya yana nan cikin abin da aka kwashe. Ga mai masana'anta wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin a sauran hanyoyin ɗaura silikon da kabon, sharar da take fitowa takan kai nauyin hajar ko ma ta fi.

Akwai kuma wani abu da ya ja hankalin masana. Tun cikin 1870 wani Barashe, Vladimir Markovnikov, ya lura cewa idan asid ya hau olefin, haidurojin yakan tafi wurin kabon na bakin sarƙa, sauran ɓangaren kuma ya zauna a kan na ciki. A haɗin silikon akasin haka ake gani mafi yawan lokaci: silikon ne yake zama a can ƙarshen sarƙa. Wannan hali nasa yana da amfani, kamar yadda za a gani nan gaba.

Amma fa idan aka zuba ɓangarorin biyu cikin kwalba ɗaya aka ajiye, suna iya shekara ba su kula juna ba. Sai an sami mai shiga tsakani. Masana suna kiran irin wannan sinadari katalis, aikinsa kuwa kamar na dillali ne a kasuwa: ya kawo mai saye da mai sayarwa wuri ɗaya, a yi ciniki, shi kuma ya wuce wurin wasu. Tarihin wannan fanni kusan duka tarihin neman dillali nagari ne.

Mutumin da ya share fagen, Frederic Kipping na Jami'ar Nottingham a Ingila, ya yi kusan shekara arba'in yana nazarin sinadaran da suka haɗa silikon da kabon. Abin mamaki, a wata lacca da ya gabatar cikin 1936 ya nuna ba ya sa ran za a sami wani babban amfani daga gare su nan kusa. Ba a yi shekara goma ba al'amari ya juya. Cikin 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric a Amurka ya gano hanya mai arha ta haɗa silikon da kabon ta yin amfani da jan ƙarfe, wani Bajamushe mai suna Richard Müller shi ma ya gano ta a nasa ɓangaren. Cikin 1943 aka kafa kamfanin Dow Corning, wanda ya riƙa yin wani maiƙo na silikon da yake kare wayoyin lantarkin jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Shi kansa haɗin da olefin, Leo Sommer da abokan aikinsa a Pennsylvania su ne suka fara ba da labarinsa cikin 1947. Sun haɗa tirikulorosilen da wani olefin mai kabon takwas, suka sa wani sinadari na dangin feroksaid ya tayar da aikin. Hanyar ta yi, amma ba ga kowane irin silikon ba, kuma sau da yawa olefin ɗin yakan bar abin da aka sa shi ya shiga kama 'yan'uwansa, ya zama danƙo. Shekara goma bayan haka, cikin 1957, John Speier na Dow Corning ya bayyana cewa wani asid na filatinam, idan aka narka shi cikin ruwan alkohol, yana yin aikin cikin sauri da tsabta. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake bukata, domin ƙwayar zarra ɗaya ta filatinam tana iya ɗaura ƙwayoyi dubu ɗari ko fiye kafin ta gaji. Cikin 1973 Bruce Karstedt na General Electric ya sami takardar mallakar wani sabon samfuri, inda aka lulluɓe filatinam da ƙananan sarƙoƙin silikon don ya narke sosai cikin man silikon, ya kuma kama aiki nan take. Har yanzu wannan samfuri na Karstedt shi ne aka fi amfani da shi a masana'antu.

Yaya filatinam yake yin dillancin nasa? Amsar da aka fi yarda da ita ta fito ne cikin 1965 daga Alan Chalk da John Harrod. Da farko filatinam yakan kutsa tsakanin silikon da haidurojin, ya raba su, ya riƙe kowanne da hannu guda. Sa'an nan olefin ya matso ya jingina da shi ta wurin riƙon nan biyu. Daga nan haidurojin ya zame daga kan filatinam ya koma kan kabon na ciki, kabon na baki kuwa ya rage a hannun filatinam, gefe da gefe da silikon. A ƙarshe filatinam ya haɗa hannun silikon da na kabon, ya sake su, ya koma yadda yake da farko. Daga baya an gano cewa wasu ƙarafa, kamar rodiyam da kobalt, sukan sauya tsarin, su fara miƙa silikon kafin haidurojin. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wani lokaci akan sami hajar da ba ita aka nufa ba. Shi ma filatinam ba ya rasa aibu. Yakan tura riƙon nan biyu daga bakin sarƙa zuwa cikinta, inda silikon ba ya iya kaiwa, sai a yi asarar olefin. Idan aiki ya ƙare kuma, ƙwayoyinsa sukan dunƙule su sa haja ta yi rawaya. Cikin 2002 István Markó na Jami'ar Louvain a Beljiyam ya fito da wani samfuri da ya rage waɗannan matsaloli, ko da yake bai kai na Karstedt sauri ba.

Inda haɗin ya fi ciniki shi ne wajen daskarar da robar silikon. Man silikon dogayen sarƙoƙi ne na silikon da oksijin, ɗaya bayan ɗaya, masu zamewa a kan juna. Akan yi shi kashi biyu. A kashi na farko, kowace sarƙa tana da ɗan olefin a bakinta, kuma a nan ake sa filatinam. A kashi na biyu, sarƙoƙin suna ɗauke da haidurojin a wurare da yawa. Da an gauraya su, sai sarƙoƙin su ƙulla juna ta ko'ina kamar ragar masunta, ruwa ya zama roba. Tun da ba abin da yake fita daga ciki, robar ba ta motsewa, ba ta wari, ba ta barin wani abu mai cutarwa. Shi ya sa likitan haƙori yake samun siffar da ta yi daidai da bakin mutum, shi ya sa kuma ake yarda a sa ta a bakin jariri ko cikin jikin majinyaci. Tana jure zafin digiri 200 da sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri, hasken rana kuma ba ya farfasa ta yadda yake yi wa robar gama-gari. A gari irin Madina ko Sakkwato wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada a rikita ta da farin danƙon nan da masu aikin tagogin gilashi da alminiyam suke matsowa daga bututu, mai wari kamar ruwan tsami. Shi ma silikon ne, amma hanyarsa dabam ce. Laimar iska yake jira kafin ya daskare, kuma yana fitar da asid, wanda shi ne warin da ake ji. Don haka a busasshiyar iska yakan daɗe bai kama ba.

Takardar bayan filasta da lambobin manne ita ce ta fi nuna gwanintar masu sana'ar. Kaurin silikon da ake shafa mata bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Takardar tana gudu cikin inji ɗaruruwan mita a minti guda, saboda haka dole shafin ya daskare cikin 'yan daƙiƙu. Amma kuma dole gaurayen ya zauna sa'o'i cikin tanki bai daskare ba. Dabarar da aka yi ita ce a ƙara wani sinadari da yake riƙe filatinam ya hana shi aiki muddin akwai sanyi, sai takardar ta shiga tanderu ya sake shi. Ban da wannan, da irin haɗin nan ake yin sinadarin da yake daidaita kumfar katifar soso don ramukanta su zo daidai, da wanda ake ƙara wa maganin feshi don ya bazu a kan ganye, da kuma wanda yake ɗaura garin silika da roba a tayoyin mota masu rage shan mai, waɗanda kamfanin Michelin ya fito da su cikin 1992.

Filatinam yana da abokan gaba. Ɗan ƙibiritu kaɗan, ko kuza, ko wasu sinadarai masu naitirojin, sun isa su kashe shi. Likitocin haƙori sun san cewa idan suka murza ƙullun nan da safar hannu ta roba mai ƙibiritu, yakan ƙi daskarewa. Shi kuma silikon mai haidurojin yana da nasa haɗari. Haidurojin da yake kan silikon ba kamar wanda yake kan kabon ba ne, a shirye yake ya fita. Idan ya gamu da ruwa tare da sinadari mai kaifin kanwa, sai ya tashi ya zama iskar haidurojin, wadda take kama wuta da ɗan tartsatsi. Ran 3 ga watan Mayu na 2019 irin wannan kuskure ya tarwatsa wata masana'antar silikon a garin Waukegan na jihar Illinois a Amurka, ma'aikata huɗu suka rasa rayukansu.

A ɗakunan binciken masu haɗa magunguna kuwa, silikon ba shi ne abin nema ba, matakala ce. Cikin 1983 Kohei Tamao a Kyoto ta ƙasar Japan, da Ian Fleming a Kambirij cikin 1984, suka nuna yadda za a cire silikon daga kan kabon a maye gurbinsa da oksijin, ba tare da an taɓa tsarin sauran ƙwayar ba. Ke nan mai bincike yana iya ɗora silikon a ƙarshen sarƙa, inda ruwa ba zai je da kansa ba, sa'an nan ya musanya shi, ya sami alkohol a daidai wurin da yake so. Akwai wata tsohuwar hanya ta yin haka da sinadarin boron, wadda ta jawo wa Herbert Brown lambar Nobel cikin 1979, amma silikon ya fi haƙuri. Ana iya barinsa a kan ƙwayar a yi wasu ayyuka da yawa, sai a ƙarshe a waiwaye shi. Bugu da ƙari, ƙwayoyin magani da yawa suna zuwa iri biyu kamar hannun dama da na hagu, ɗaya yana warkarwa, ɗayan ba ya yin kome ko ma yana cutarwa. Cikin 1991 Tamio Hayashi, shi ma ɗan Japan, ya nuna cewa da ƙarfen faladiyam da wani mariƙi na musamman ana iya sa silikon ya hau ta gefe guda kawai, a sami hannu ɗaya kusan zalla.

Sauran magana ita ce ta kuɗin dillali. A ƙa'ida katalis ba ya ƙarewa, ana tace shi a sake amfani da shi, kamar yadda ake yi a matatun mai. Amma idan ruwan silikon ya daskare ya zama roba, filatinam yana ciki, ba kuwa yadda za a fid da shi. Yana tafiya da hajar zuwa kanti, daga kanti zuwa gida, daga gida zuwa juji. Abin da yake cikin takardar filasta ɗaya ido ba zai gan shi ba, amma an ƙiyasta cewa cikin 2007 masana'antun silikon na duniya sun cinye tan 5.6 na filatinam, kuma mafi yawansa ya tafi ke nan. Duk filatinam da ake haƙowa a duniya cikin shekara bai kai tan 200 ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000. Kusan kashi 70 cikin ɗari nasa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, saura kuma yawanci daga Rasha da Zimbabuwe. Akan niƙa tan guda na dutse kafin a sami 'yan giram, a ramukan da wasunsu suka wuce zurfin kilomita ɗaya. Tsadarsa ma ba ta tsaya ga kuɗi ba. A mahaƙar filatinam ta Marikana ne 'yan sanda suka harbe ma'aikata 34 masu yajin aiki ran 16 ga watan Agusta na 2012. Lalle abin dubawa ne a ce ƙarfen da aka sha wannan wahala kafin a same shi, aikinsa na 'yan daƙiƙu ne a bayan takardar da za a yar.

Saboda haka masana suka juya ga ƙarafa masu arha. A cikin wannan shekara ta 2012 Paul Chirik na Jami'ar Princeton, tare da masanan kamfanin Momentive, suka bayyana wani katalis na baƙin ƙarfe wanda yake ɗora silikon a ƙarshen sarƙa kaɗai, ba ya kuma tura riƙon olefin ciki kamar yadda filatinam yake yi. Ta wajen tsabtar aiki har ya fi filatinam a wasu haɗe-haɗen. Cikasinsa shi ne ba ya jure iska ko laima, da ya shaƙe su ya mutu, sai an sarrafa shi cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, abin da ba ya yiwuwa a gaban injin takarda. Daga baya an sami samfurori na kobalt da nikel da baƙin ƙarfe waɗanda ake iya ajiyewa a fili, a Amurka da Japan da Sin, wasu kuma sun gwada boron, ba ƙarfe ko kaɗan. Sai dai yawancinsu ana bukatar a zuba su da yawa fiye da filatinam, sukan kuma rina hajar, mai sayen robar kwalbar jariri kuwa fara tas yake so. Don haka har yanzu filatinam ne yake riƙe da kasuwar, abin da masana'antu suka fi cim ma shi ne rage yawan da suke zubawa a kowane tanki.